Brown Bess, Kakar Bindigar Toka

Yau za mu ɗan jingine labarin soyayya mu leƙa tarihin wata tsohuwa mai suna Brown Bess. Ba mace ba ce, bindiga ce, wadda sojan Ingila suka riƙe tun daga 1722 har wajajen 1840, kuma duk wanda ya taɓa toshe kunne ranar hawan Sallah saboda ƙarar 'yan bindigar Sarki, to ya ji muryar jikokinta.

Bindiga ce mai ƙanƙara, aikinta irin na ƙyastu. Ana maƙala ɗan dutse a bakin kunamar, idan aka ja sai ya daki ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan albarushin da ke cikin ɗan kasko, wuta ta bi ta wata 'yar kafa ta tayar da na ciki. Ɗura ta kuwa aiki ne ja: soja zai yage ƙunshin takarda da haƙori, ya zuba kaɗan a kasko, ya juye sauran ta baki, ya sa dalma, ya danna da sanda. Gwani kan yi harbi uku a minti guda. Saiti kuwa sai a hankali, abin da ya wuce yadi ɗari sai dai dace, shi ya sa suke jeruwa sahu sahu su saki wuta gaba ɗaya. Haka aka yi a Watalu a 1815, ranar da Nafoliyon ya sha kashi, su Faransawa da tasu mai suna Charleville.

Masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka karanta bindigar nan suke yi kamar takarda. Da farko tsawon bututu: ta fari inci 46, ta biyu 42, sai India Pattern mai 39, wadda aka fi ƙerawa lokacin yaƙin Nafoliyon saboda araha da sauri. Sannan farantin da ke gefen kunama, inda ake zana kambun sarauta da haruffan GR, wato Sarki Joj. Kafin 1764 akan sa sunan maƙerin da shekara, daga baya sai kalmar TOWER kurum, sunan gidan ajiyar makaman Landan. Wadda aka taɓa mayarwa mai hula, dillali ya sake mayar da ita mai ƙanƙara don ya ci riba, darajarta faɗuwa take yi, haka ma wadda aka goge da yashi har tambarin ya shafe. A wajensu tsufan ne kuɗin.

To ina ruwanmu? Ai tun tuni irin wannan bindiga ta iso mu. Littafin Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Nufawa kuwa daga bakin teku suke samu, inda jiragen Turawa ke sauke su suna ɗaukar mutane. Wannan ɗacin ba ya goguwa: bayi ne babban farashin. Sunan da 'yan boko ke kiranta da shi, Dane gun, daga fataken Danmak ya samo asali, masu ganuwar Kiristiyansbog a Ankara ta Gana.

Amma fa yawancin abin da ya zo mana ba ta soja ba ce. Maƙeran Birmingham suna da wata ta daban da suke yi don kasuwar Afirka, ƙarfe mai arha, katako da jan fenti, wani lokaci har da TOWER ɗin a jiki don a ruɗi mai saye. Takan fashe a hannun mai ita. Ni a ganina sunan harba-ka-ruga ya fi kowane suna faɗin gaskiyarta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yarjejeniyar Birasels ta 1890. Ƙasashen Turai suka hana sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani, amma suka bar ƙofa a buɗe ga mai ƙanƙara, wadda sojansu suka yar shekara hamsin kafin nan. Da dakarun Lugga suka tsaya a bakin ganuwar Kano a Fabrairun 1903, da igwa da Maxim suka zo, mu kuwa akasari baka da mashi da irin waccan tsohuwar. Masu fasa ƙanƙara a garin Brandon na Ingila sun ci gaba da aiko da duwatsun nan Afirka har cikin ƙarni na 20, mu ne muka riƙe musu sana'a.

Saboda haka mai karatu, idan akwai wata a soron gidanku ta kaka da kakanni, kafin ɗan jari-bola ya ɗora ta a sikeli, a shafa ɗan mai a farantin gefe a duba rubutun. Kada a kankare, kada kuma a kuskura a ɗura mata albarushi, don bututun da tsatsa ta ci ta ciki ba ya nunawa daga waje.