Daga Hamadar Libiya zuwa Madatsar Sabke

A ganina, tarihin lissafin yashi ya shafi ƙasar Daura. A 1941 Ralph Bagnold, sojan Ingila da ya daɗe yana ratsa hamadar Libiya, ya wallafa littafi kan yadda iska ke cilla ƙwayar rairayi ta bugi 'yar'uwarta. A 1979 Cundall da Strack suka shigar da motsin ƙwayoyi da gugar junansu cikin kwamfuta, ana bin kowace ƙwaya ita kaɗai. Tsuji na Osaka ya haɗa lissafin da motsin iska a 1993, daga baya aka kai shi ga ruwa. Da shi ake nazarin yadda ruwa ke ɗaukar yashi yana sauke shi, kuma madatsar Sabke, wadda Daura ke dogaro da ruwanta, kowace damina yashin nan yana rage mata zurfi.