Takarar Haɗin Gwiwa Ba Tare da Jam'iyya Ba: Nazarin Obi da Kwankwaso Daga Filayen Noman Rani na Kura da Bunkure

Tsakure

Wannan maƙala tana bincika ko zai yiwu Peter Obi da Rabi'u Musa Kwankwaso su haɗa takarar shugabancin ƙasa a matsayin indifenda, kuma tana kafa hujja da nassin tsarin mulki da alƙaluman zaɓen 2023.

Nassin Doka

Tsarin mulkin 1999 ya rufe wannan ƙofa. Sashe na 131 ya shardanta cewa mai neman shugabanci ya kasance ɗan jam'iyya kuma ita ta tsayar da shi. Sashe na 142 ya wajabta masa ɗauko mataimaki daga jam'iyyarsa. Sashe na 221 kuwa ya haramta wa kowace ƙungiya da ba jam'iyya ba neman ƙuri'a. Muddin ba a gyara waɗannan sassa ba, gyaran da ke buƙatar yardar majalisun jihohi 24, tilas ɗayansu ya shiga inuwar ɗan'uwansa, ko su nemi ta uku.

Hisabin Ƙuri'u

A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, Obi ya sami 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687, jimla 7,598,220, wadda ba ta kai 8,794,726 na Bola Tinubu ba. Amma abin da ya fi cancantar tadabburi shi ne Kano, inda Kwankwaso ya tara 997,279, Obi kuwa 28,513 kacal, alhali mataimakinsa Datti Baba-Ahmed mutumin Zariya ne.

Duk wanda ya zauna da manoman shinkafa da tumatir na Kura, Kadawa da Bunkure, waɗanda arzikinsu ya rataya a kan ruwan madatsar Tiga tun zamanin Audu Baƙo, ya san cewa ruwa, kome yawansa, ba ya isa gona sai ta magudanar da aka haƙa masa, kuma haka ƙuri'ar karkara take, ba ta isa akwati sai ta hannun shugaban mazaɓa da wakilin rumfa da mai jar hular da ke zuwa suna da jana'iza. Kwankwaso, wanda mahaifarsa ke Madobi, maƙwabciyar Kura, kuma injiniyan ruwa ne da ya yi aiki a hukumar ruwa ta WRECA, ya shafe shekaru yana gina wannan magudana. Sai dai mubaya'ar da aka yi masa ta jagora ce, kuma a ra'ayina kuskure ne babba a ɗauka cewa za ta kwarara duka zuwa takarar da shi ne na biyu a cikinta. A kan wannan mas'ala ta wane ne liman, wane ne na'ibi, tattaunawarsa da Obi ta 2022 ta wargaje, kamar yadda ƙawancen PPA ya kasa zaɓe tsakanin Awolowo da Azikiwe a 1983.

Ba a ce Kanawa ba sa zaɓen ɗan kudu ba, domin a 1993 Abiola ya kayar da Bashir Tofa a jiharsa ta Kano. Amma Abiola ya shigo ne ta SDP, jam'iyyar da ta gaji almajiran Malam Aminu Kano irin su Abubakar Rimi, kuma Kwankwaso kansa a ƙarƙashinta ya zama mataimakin kakakin majalisar wakilai.