Khalid ɗan Walid: Takobin Allah daga Makka

Khalid ɗan Walid ɗan Mugira, Allah ya ƙara masa yarda, sahabi ne kuma sarkin yaƙi, haifaffen Makka. Ya fito daga Banu Makhzum, gidan da ke riƙe da ragamar dawakan Ƙuraishawa, don haka ya tashi a cikin sukuwa da sarrafa makami. Mahaifinsa na cikin manyan garin da suka yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tsananin adawa.

Kafin musulunta

Sunansa ya fara fita a yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira. Da ya hangi maharban Musulmi sun sauko daga tudun da aka tsayar da su, sai ya kewaya da mahaya ya auka wa Musulmi ta baya, ya juya akalar yaƙin. Wannan dabara ta zagaye da gaggawa ita ce ta zama tambarinsa.

Zamanin Annabi

Ya musulunta a shekara ta 8, tare da Amru ɗan Asi da Usmanu ɗan Ɗalha. A yaƙin Mu'uta na wannan shekara, Zaidu ɗan Harisa da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib da Abdullahi ɗan Rawaha suka yi shahada ɗaya bayan ɗaya. Khalid ya karɓi tuta, ya janye rundunar mutum 3,000 daga gaban Rumawa ba tare da an murƙushe ta ba. A nan ne Annabi ya kira shi takobi daga takubban Allah.

A ranar buɗe Makka, cikin Ramadan, ya jagoranci rundunar da ta shiga ta ƙasan gari, aka yi ɗan artabu a Khandama. Shi aka tura Nakhla ya rushe gunkin Uzza. Sai dai abin da ya aikata ga Banu Jazima ya sa Annabi ya barranta daga aikin, ya aiki Aliyu ya biya diyya.

Ridda, Iraƙi da Sham

Halifa Abubakar ya ɗora masa yaƙin masu ridda. Ya fatattaki Ɗulaiha a Buzakha, ya karya Musailama a Yamama, inda mahaddata da yawa suka yi shahada, abin da ya jawo tattara Alƙur'ani wuri guda. Kisan Maliku ɗan Nuwaira ya haddasa saɓani: Umaru ya nemi a tsige Khalid, Abubakar ya ƙi.

A 633 miladiyya ya ci Hira a Iraƙi. A 634 ya ratsa hamada zuwa Sham cikin 'yan kwanaki. Masu tarihi sun ruwaito cewa an cika raƙuma da ruwa, ana yankawa a hanya a shayar da dawakai. Yaƙin Ajnadain ya biyo baya, sannan na Yarmuk a 636, inda aka karya ƙarfin Rumawa a Sham.

Tsigewa da gado

Halifa Umaru ya miƙa shugabancin runduna ga Abu Ubaida, daga baya ya sauke Khalid baki ɗaya, yana bayyana cewa yana tsoron mutane su jingina nasara gare shi su manta daga Allah take. Khalid yana da sojoji da farin jini, amma bai ɗaga takobi ba. Ya yi biyayya. Ya rasu bisa shimfiɗarsa a shekara ta 21 bayan hijira (642), a Himsa bisa ruwaya mafi shahara, inda masallaci mai sunansa yake.

Masana yaƙi na nazarin saurinsa da dabarunsa, Hausawa kuma na raɗa wa 'ya'yansu Halidu. Babban gadonsa shi ne misalin jarumin da ya yarda cewa soja yana ƙarƙashin shugabanci, komai yawan nasararsa.