Cocin Hrastovlje: majami'a mai ganuwa a ƙasar Sloveniya

A kudu maso yammacin Sloveniya, cikin gundumar Koper da ke kusa da iyakar Italiya, akwai wani ƙaramin ƙauye mai suna Hrastovlje. A kan wani tudun dutse da ke saman ƙauyen ne aka gina cocin mabiya ɗarikar Katolika da ake kira Cocin Triniti Mai Tsarki. Wanda ya hango shi daga nesa zai ɗauka sansanin yaƙi ne, domin in ban da hasumiyar ƙararrawarsa, kusan dukkan ginin ya ɓuya a bayan doguwar ganuwar dutse.

Tarihi

Masana tarihin gine-gine sun kasu gida biyu a kan lokacin da aka gina cocin. Wasu na cewa tun ƙarni na 12 ne, wasu kuma na ganin a ƙarni na 15 aka gina shi bisa salon birnin Venis, wanda a lokacin yake mulkin gaɓar tekun yankin Istiriya.

Ganuwar kuwa daga baya aka yi ta, saboda tsoron hare-haren mahayan Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Bayan da daular ta ci Bosniya a shekarar 1463, rundunonin dawakinta sun riƙa kutsawa cikin ƙasashen Slobeniyawa, har suka kai lardin Friuli na arewacin Italiya a shekarun 1470. Ba zama suke zuwa yi ba: sukan kwashi dabbobi da amfanin gona, su kama mutane, su juya cikin 'yan kwanaki.

Sarakuna da attajirai suna da fadodi da birane masu ganuwa, amma manoman karkara ba su da mafaka. Don haka suka riƙa kewaye cocinsu da katanga, kasancewar shi ne gini mafi ƙarfi a ƙauye. Irin wannan mafaka ita ake kira "tabor" da harshen ƙasar.

Yankin ya sha sauya iyayen gida. Bayan faɗuwar Jamhuriyar Venis a 1797 ya kasance ƙarƙashin Ostiriya a mafi yawan ƙarni na 19, sannan Italiya bayan yaƙin duniya na ɗaya, sai Yugoslabiya bayan na biyu, kafin Sloveniya ta sami 'yancin kai a 1991.

Tsarin gini

Cocin ƙarami ne ainun, tsawonsa bai kai mita 12 ba, faɗinsa kuma kimanin mita 6. Duk da haka an raba cikinsa zuwa layi uku da ginshiƙan dutse, kowane layi da rufinsa na baka. Da yake a kan fa aka ɗora shi, ba shi da tushe mai zurfi. Tagoginsa 'yan kaɗan ne kuma ƙanana, abin da ya sa cikinsa ke da duhu da sanyi.

Ganuwar, wadda tsayinta ya kai kimanin mita 8, tana da kusurwa huɗu da ƙofa guda. A kusurwoyi biyu akwai hasumiyoyi masu siffar da'ira, kuma an bar 'yan kafofi a jikin katangar da masu tsaro za su iya yin harbi ta ciki.

Zane-zanen bango

Abin da ya fi fito da sunan cocin shi ne zane-zanen da suka rufe bangayensa da rufinsa. Wani mai zane da ake kira Johannes, mutumin garin Kastav da ke cikin Kuroshiya ta yau, shi ya kammala su a shekarar 1490, kuma ya bar sunansa a jikin bango. Daga baya aka shafe su da farar ƙasa, aka manta da su, sai a 1949 wani masassaƙin gumaka ɗan ƙauyen, Jože Pohlen, ya sake gano su.

Da yake galibin manoman wancan zamani ba su iya karatu ba, zanen shi ne littafinsu. An nuna halittar duniya da ƙissar Adamu da Hauwa'u, da rayuwar Yesu Almasihu, wato Annabi Isa, kamar yadda Kiristoci suka yi imani da ita. An kuma zana watannin shekara goma sha biyu tare da aikin da ake yi a kowane wata. A jikin bangon har yanzu ana ganin rubuce-rubucen da aka karta da baƙaƙen Glagolitik, tsohon rubutun al'ummomin Slav.

Rawar Mutuwa

Mafi shahara shi ne zanen da ake kira Rawar Mutuwa, mai tsawon kimanin mita 7 a bangon kudu. Mutum goma sha ɗaya ne a jere, kowanne da ƙwarangwal riƙe da shi, ana jan su zuwa buɗaɗɗen kabari. Akwai Paparoma da sarki da sarauniya da manyan limaman coci, akwai attajirin da ke laluben jakar kuɗinsa ko zai fanshi kansa, sai gurgu mai dogara sanda, da jariri da ke fitowa daga gadonsa.

Irin wannan zane ya yaɗu a Turai bayan annobar da ta halaka miliyoyin mutane a tsakiyar ƙarni na 14. Saƙonsa shi ne mutuwa ba ta duban sarauta ko dukiya ko shekaru. Manomin da ya gudo cikin ganuwar don tsira da ransa, wannan shi ne abin da zai tarar a bango idan ya shiga yin addu'a.

A yau masu yawon buɗe ido daga ƙasashe daban-daban na ziyartar cocin, wanda ke cikin muhimman kayan tarihin Sloveniya.