Isabelle Huppert da Gonar Kofi a Kamaru

An haifi Isabelle Huppert a birnin Paris ranar 16 ga Maris, 1953, ta kuma shiga harkar fim tun farkon shekarun 1970. Sau biyu ana ba ta kyautar gwarzuwar 'yan wasa a bikin Cannes: a 1978 saboda Violette Nozière na Claude Chabrol, sai a 2001 saboda La Pianiste na Michael Haneke. Wanda ya kalle ta zai lura ba ta neman soyayyar mai kallo. Fuskarta a ɗaure take, maganarta kaɗan, kuma matan da take fitowa a matsayinsu galibi masu taurin kai ne.

Wannan hali shi ya kawo ta Afirka. A 1981 ta fito a Coup de torchon na Bertrand Tavernier, wanda aka ɗauka a Senegal. Amma wanda ya fi shafarmu shi ne White Material na 2009, da aka ɗauka a Kamaru. Daraktarsa, Claire Denis, 'yar ma'aikacin mulkin mallaka ce da ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a wannan ƙasa, kuma fim ɗinta na farko, Chocolat na 1988, labarinsa a Mindif yake, kusa da Marwa; mutumin Mora ko Garwa ba sai an kwatanta masa dutsen nan ba.

A White Material, wanda Denis ta rubuta tare da marubuciya Marie NDiaye, Huppert ta fito a matsayin Maria Vial, Baturiya mai kula da gonar kofi. Yaƙin basasa ya ɓarke, sojojin Faransa suna janyewa, suka yi mata kashedi ta gudu, ta ƙi. Ma'aikatanta sun watse, yara masu ɗauke da makamai sun cika daji, ita kuwa hankalinta na kan girbi. Ba a ambaci sunan ƙasar a fim ɗin ba, kuma a ganina wannan rauni ne, domin ya mayar da Afirka duka wuri guda. Sai dai Huppert ba ta wanke Maria ba. Ta nuna mace mai ganin ƙasar tata ce don ta yi gumi a kanta, alhali kuwa ba ta taɓa tambayar masu ƙasar yadda suke kallonta ba.