Gona da Burtali: Tarihin Mallakar Ƙasa a Damargu

Ƙasar Damargu, wadda a yau ta ƙunshi gundumomin Tanut da Belbeji a jahar Damagaram, ta daɗe tana matsayin mahaɗa tsakanin manoma da makiyaya. A ƙarni na 19 ita ce rumbun geron Abzin. Ayarin Kel Owe da ke sauka daga Agadas zuwa Zinder da Kano a nan yake yada zango, a musanya gishirin Bilma da hatsi. Baturen nan Heinrich Barth ya ratsa ƙasar a farkon 1851. A wancan zamani daji yana da faɗi, mutane kaɗan ne; wanda ya sare daji da izinin mai gari ya samu gona, wanda ya haƙa rijiya shi ke da iko da ruwanta.

Bayan samun ƴancin kai, dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, aka keɓe abin da ke bayanta domin kiwo. Sai dai takarda ba ta tsayar da fartanya ba. Yawan jama'a da gajiyar gonakin kudu suka tura manoma arewa. Farin 1973 da na 1984 kuwa suka halaka dabbobi, makiyaya da yawa suka koma noma don neman abin sakawa a baki. Burtali ya ƙuntata, mashaya suka faɗa tsakiyar gonaki, shari'ar ɓarna ta zama ruwan dare. Kisan da aka yi a Toda ta jahar Maraɗi a 1991 ya nuna wa ƙasa baki ɗaya inda wannan rikici zai iya kaiwa.

Daga nan ne aka samu dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993. Ta daidaita mallakar gargajiya da ta rubutacciyar doka, ta kuma kafa hukumomin filaye da ake kira Kofo, waɗanda daga baya suka sauka har matakin ƙaramar hukuma da ƙauye. A cikinsu sarakuna da ma'aikatan gwamnati suna zama tare da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ƙara tabbatar da ƴancin makiyayi na yawo da dabbobinsa.

A nan ne horar da ƙungiyoyin farar hula ya zama wajibi. Dokokin da Faransanci aka rubuta su, alhali jama'ar Damargu da Hausa, Barbarci, Buzanci da Fulatanci suke magana. Wakilin da bai san doka ba, zamansa a Kofo zaman ɗan kallo ne. Shi ya sa ƙungiyoyi irin su AREN, wadda aka kafa a 1990, suka duƙufa wajen wayar da kan makiyaya. Abin da ake koyarwa a fili yake: bambancin gado, saye, aro da jingina, yadda ake karɓar takardar shaidar kowanne, yadda ake kafa alamun burtali, da ranar sakin gonaki bayan girbi.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu suna da rabonsu a wannan aiki, domin dokar da ba a fassara ta cikin harshen mai gona da mai garke ba, ba za ta kare kowa ba ranar da aka zo gaban alƙali.