Hatta, Ƙauyen Dubai Na Cikin Duwatsu

In an ambaci Dubai, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne dogayen benaye da kasuwar zinariya. Amma ƙasar Dubai tana da ƙauye guda, wai shi Hatta, can cikin duwatsun Hajar a bakin iyakar Oman, tafiyar kamar mil 80 daga birnin.

A da sunan wurin Hajaraini, yana hannun Sarkin Maskat. Da Sultan Turki ɗan Sa'idu ya ga ba ya iya tsare shi daga harin kabilar Na'im, sai ya bar wa Shaihu Hashar ɗan Maktum, wanda ya sarauci Dubai daga 1859 zuwa 1886. Har wa yau akwai tsohon masallaci na 1780, da hasumiya biyu inda 'yan tsaro ke hangen mahara, da gidan tsaro da aka gina a 1896.

A zamanin nan mutanen Hatta kaɗan ne, Larabawa, kusan kowa ɗan'uwan kowa. Arzikinsu kuwa dabino ne da awaki. Ruwan sama ba ya isar noma, saboda haka sai suka haƙa magudana daga gindin dutse zuwa lambuna, ana ce mata falaj. Ruwan nan rabonsa a ke yi da lokaci, kowane mai lambu da sa'arsa. In magudana ta toshe, gari duka ya kan fito gayya. Kuɗi ba su cika yawo ba, mai arziki shi ne mai itatuwan dabino da yawa.

Can bakin teku kuwa tun tuni Dubai ta saba da baƙi, Farisawa da Baluci da Indiyawa, saboda cinikin lu'ulu'u. Cinikin nan ya faɗi bayan 1929, mutane suka sha wuya ƙwarai. Sa'an nan a 1966 aka sami man fetur, aka fara fitar da shi a 1969. Ƙidayar 1968 ta sami mutum wajen 59,000 a ƙasar Dubai. A 1975 sun kai 183,000, a 2022 kuwa sun wuce miliyan uku da rabi. Cikin mutum goma, wajen tara baƙi ne.

To, arzikin nan bai tsaya a bakin teku ba, ya hau har Hatta. Bayan an kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 1971, aka shimfiɗa titi, aka gina makarantu da asibiti da sababbin gidaje, daga baya kuma aka yi madatsar ruwa. Samari suka shiga aikin soja da na 'yan sanda da na ofis, albashi ya maye gurbin dabino. Lambunan da suka bari kuwa sai 'yan ci-rani daga Pakistan da Indiya da Bangaladash suka zo suna nomawa, waɗansu suna gini, waɗansu suna tsaron kanti. Haka garin ya cika har ya wuce mutum 12,000.

Amma zama wuri ɗaya bai sa aljihu ya zama ɗaya ba. Ɗan ƙasa shi ke da gona da gida, baƙo kuwa ladansa kaɗan ne, yawancinsa ma gida ya ke aikawa. Kome daɗewarsa da wuya ya zama ɗan ƙasa, gama zamansa yana rataye da takardar aiki.

Mutanen Hatta su ma akwai abin da ya kuɓuce musu. A 2001 aka gyara tsohuwar unguwa ta zama wurin kallo, 'yan yawon buɗe ido suna zuwa ganin yadda a ke zama a da. Jikokin masu falaj su kan shiga tare da su. Dabinon kakanninsu yana nan yana 'ya'ya, amma sau da yawa mai hawansa baƙo ne.